Mijinyawa, Marinin Ƙwayoyin Cuta

Duk wanda ya zauna a unguwar Manshiya ta garin Sabha a shekarun da Libiya ta juya fuskarta ga Afirka ya san Mijinyawa, ko da bai taɓa gaisawa da shi ba. Shi ne dogon mutumin nan mai ɗan doro da ke fitowa da safe da farar riga a ninke cikin leda, ya tsaya bakin titi yana jiran bas ta cikin garin Sabha, alhali 'yan uwansa 'yan Nijar suna can tsugune da shebur da guduma suna jiran wanda zai ɗauke su aikin yini. Faratansa ba sa rabuwa da launi, yau shuɗi gobe ja. Masu tsokana suna ce masa Lokotoro, wato likita, shi kuwa sai ya ce, "Ni marini ne, ɗan marini." A yi ta dariya, ba a san gaskiya tsagwaronta yake faɗa ba.

A Tasawa aka haife shi, a gidan da kakanni suka bar wa jikoki ramukan rini. Mahaifinsa, Malam Hassane, mutum ne mai sanyin hali a komai banda abu ɗaya. Idan aka dawo masa da zane aka ce ya zuba a wanki, ranar ba mai jin daɗinsa a gidan, abinci ma sai an roƙe shi. Ya koya wa ɗansa abu biyu tun yana ƙarami: rinin da ya zuba abin kunya ne, kuma ba a tsoma kayan mutane a rami sai an fara tsoma ƙyalle an ga yadda ya fito. Da atamfofin kanti masu araha suka cika kasuwa, ramukan suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har ta kai Mijinyawa ya ce zai bi ayarin masu tafiya Libiya. Ƙanensa Zabeirou, wanda tun da aka haife shi bai taɓa jin an ce kada ya yi abu ya bari ba, ya ce ƙafarsa ƙafar yayansa. A tasha tsohon bai yi dogon jawabi ba. Ya kama hannun Mijinyawa ya ce, "Wanga ƙanenka ne, ka san halinshi. Yadda ka tahi da shi, haka za ka maido mini shi." Da wannan magana Mijinyawa ya ratsa Agadas da Dirku a bayan babbar mota, kuma da ita ya kwana ya tashi duk zamansa a Sabha.

Sun iso lokacin da allunan bakin titi ke ɗauke da taswirar Afirka, rediyo kuma ba ya gajiya da cewa duk ɗaya ake. Zumuncin dai ya fi girma a kan allo fiye da a shingen 'yan sanda, wannan kowa ya sani, amma aiki akwai shi. Elhaji Hamidou, wani dattijo ɗan Maraɗi da ya daɗe a garin, shi ya ba su masauki kamar yadda ya ba ɗaruruwa kafin su. Yana da fili a hanyar Tamanhint inda ake tara busassun fatun da manyan motoci ke kawowa daga kudu. Nan Zabeirou ya sami aikin dako. Mijinyawa kuwa yaɓe ya fara, kuma yaɓen ne ya kai shi wani ƙaramin ɗakin gwaje-gwaje na kuɗi a bayan kasuwa, wanda wata 'yar garin mai suna Doktora Mabruka ke riƙe da shi. Ta lura ya matsar mata da kwalabe tuli bai fasa ko ɗaya ba, sai ta ce ya zauna ya riƙa wanke su.

Wata rana yana goge tebur ya ga Doktora ta shafa wani abu a ɗan gilashi mai tsawon yatsa, ta bari ya bushe, ta gitta shi a kan harshen wuta. Ta ɗiga masa ruwa mai launin turkudi, ta ɗauraye. Ta ɗiga aidin, irin wanda ake sa wa ciwo. Ta zuba alkol, ruwan nan da ake goge fata da shi kafin allura, launin ya gangare, ta ɗauraye, sannan ta bi shi da jan ruwa. Mijinyawa ya tsaya da tsumma a hannu, baki buɗe. Ya ce da guntun Larabcinsa, "Doktora, wannan ai rini ne. Aidin ɗin nan shi ke sa ya kama." Ta ɗago kai ta dube shi da kyau, karo na farko, ta tambaye shi inda ya san haka. Ya nuna mata hannuwansa.

Ta jawo shi ta sa masa ido a madubin likita. Abin da ya gani ya hana shi shan shayi a ranar. Ashe ƙwayoyin cutar da ake faɗa ba su da launi, sai an rina su ake ganinsu, kuma rinin nan, wanda ake kira da sunan wani Bature Gram da ya gano shi, shi ke raba su gida biyu. Masu kaurin bango sukan riƙe turkudin ko an wanke su da alkol. Masu siririn bango sukan sake shi, jan ya hau su. Da wannan kaɗai likita kan san ta inda zai fara neman magani.

Bayan wasu watanni ta ce ya gwada. Ta ba shi gilashin da ita ta san abin da ke kai, ya yi komai tsaf, ya miƙa mata yana jiran yabo. Ta leƙa, ta ce ya sake. Ya sake. Ta leƙa, ta yi tsaki. Duk abin da ya rina turkudi yake fitowa, gwanin kyau, babu ja ko ɗigo. A karo na gaba ta tsaya a kansa, sai ta ga inda gizo ke saƙar: idan ya zo zuba alkol, da ya ga launi ya fara gangarewa sai hannunsa ya janye da kansa. Ɗan Malam Hassane ba ya iya tsayawa ya ga rini yana zuba. Ta ce masa, "Ka san abin da ka yi? Waɗannan ja ne, ka sa musu rigar da ba tasu ba. Da na mara lafiya ne, da an ba shi maganin da ba nasa ba, ya tafi gida yana gode mana." Kunya ta kama shi har ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya yi kwanaki yana zuba alkol yana cije leɓe, kamar mai yi wa mahaifinsa rashin kunya.

Daga nan ya fito da wata dabara da ya taho da ita daga Tasawa. A gefen kowane gilashi yakan ɗan shafa ƙwayar da aka san ja ce. Idan an gama ta fito ja, wankinsa ya yi, idan ta fito turkudi ya san hannunsa ya yi rowa, sai ya sake. Ya ce wannan shi ne ƙyallen gwaji. Doktora ta yi dariya ta ce a littattafansu ma akwai shi, suna ne ya bambanta. Tun daga lokacin ta daina ce masa "kai" ta koma ce masa Usta, kamar yadda Larabawan garin ke kiran gwanin sana'a.

Masu riƙe turkudin nan su ya fi shaƙuwa da su, kuma ya san danginsu fiye da yadda wasu suka san na iyayensu. Ranar Juma'a da la'asar, idan an haɗu shan shayi a ƙofar Elhaji Hamidou, aka kuskura aka tambaye shi, to an shiga uku. Zai ce akwai masu kewaye akwai masu tsawo. Cikin masu kewayen, waɗanda ke cure kamar nonon dabino su ne Istafilo, su ke kawo maruru da mugunyar ciwo, wani lokaci su shiga ƙashi ko jini, kuma idan mai maruru a yatsa ya dama wa mutane fura ta jima a zafi, su ke sa amai. Waɗanda ke jere kamar carbi su ne Istirefto, masu ciwon maƙogwaro wanda in an yi wasa da shi yakan koma ya taɓa zuciyar yaro ko ƙodarsa, su ne kuma ke sa wa mai jego zazzaɓi mai kisa. Suna da 'yan uwa masu tafiya bibbiyu, masu ciwon haƙarƙari da na kunne, har da wani irin sanƙarau. A nan wani zai ce, "To Lokotoro, mun ji, miƙo kofin." Ba zai miƙa ba sai ya gama da masu tsawon: mai kawo mashaƙo da ke toshe wa yara wuya, da wadda ke ɓuya a ɗanyen nono ta zubar wa mace ciki. Sai kuma waɗanda ya fi tsoro, masu shiga ƙwanso su yi barci shekara da shekaru a ƙasa ko a fata, ba rana ba sanyi da ke kashe su. Cikinsu akwai masu ƙin iska, masu son rami mai zurfi irin na ƙusa, su ke sandare wa mutum muƙamuƙi ko su ruɓar da ƙafa. Akwai masu son iska, ɗaya tana lalata shinkafar da ta kwana a kula, ɗaya kuma ita ce saifar da ke kayar da shanu. Zabeirou, wanda ya ji karatun nan har ya haddace, yakan rufe da cewa, "Yaya, kai dai ka hana mutane cin abinci cikin kwanciyar rai."

Shekaru suka tura. Wata safiya da zafi, Mijinyawa zai fita aiki sai ya ga mutane sun taru a tsakar gidan da suke haya, wanzami ya shimfiɗa zabirarsa yana wasa aska. Zabeirou na zaune a kan buhu, ya karkata kai. A gefen wuyansa, daidai inda fatu ke gogarsa idan ya saɓa su, akwai wani ƙurji da ya ɓoye da rawani kwana da kwanaki. Tsakiyarsa baƙi ƙirin, kewaye da ƙananan ƙuraje masu ruwa, wuyan kuma ya kumbura har zuwa haɓa. A wurin mutanenmu duk abin da ya kumbura maruru ne, maruru kuwa aska ce maganinsa, an gama magana.

Mijinyawa ya durƙusa ya danna gefen ƙurjin. "Da zahi?"

"Babu, Yaya. Ƙaiƙayi dai. Shi ya sa ban hwaɗa maka ba."

Mijinyawa ya janye hannunsa. Ya ga maruru iri-iri a rayuwarsa, bai taɓa ganin wanda ba ya zafi ba. Ya juya ga wanzamin, wanda ya girme shi, ya ce, "Baba, don Allah a maida askar nan. In maruru ne, ni da kaina zan kawo maka shi gobe. In abin da nike tsoro ne, tsagawa za ta tura shi cikin jini." Wanzamin ya ɓata rai amma ya naɗe kayansa, don shi ma baƙin tsakiyar nan bai kwanta masa ba. Rigimar da Zabeirou aka yi ta. A lokacin kowa ya ji labarin wani da aka gwada jininsa aka ce ba shi da lafiya aka sa shi a mota zuwa iyaka, saboda haka ɗan ci-rani ya fi tsoron asibiti da ofishin 'yan sanda. Ya ce ba inda za shi. Mijinyawa bai yi masa lallashi ba. Ya kama hannunsa yadda aka kama nasa a tashar Tasawa, ya ja shi har cikin tasi.

Doktora Mabruka na ganin wuyan ta sa safar hannu. Ta ɗebi ruwan ɗaya daga cikin ƙananan ƙurajen ta shafa a gilashi, ta miƙa wa Mijinyawa. Ya ja da baya ya ce, "Doktora, wannan ke za ki yi. Ƙanena ne." Ta ce, "Usta, shekara nawa rabona da rini tun da ka karɓe shi? Hannunka ya fi nawa. Ka yi shi kamar ba ka san mai shi ba."

Ya shafa ƙyallen gwajinsa a gefe. Ya gitta a wuta, ya ɗiga turkudi, ya ɗiga aidin. Da ya ɗauki kwalbar alkol, a karon farko a rayuwarsa marinin nan ya roƙi Allah rini ya zuba, ya fito ja, ya zama wani abu dabam. Ya wanke shi sosai, bai rage ba bai ƙara ba, ya bi da ja, ya shanya. Ya fara duba gefe: ƙyallen ya fito ja, wanki ya yi. Ya matsar da gilashin tsakiya. Ga su nan, manya, dogaye, a jere gaɓa-gaɓa kamar karan dawa, sun riƙe turkudin gam. Ya ɗago ya ba Doktora wuri. Ta leƙa, ta daɗe, ta ce za a raini ƙwayoyin a ɗakin gwaji su yi yawa a tabbatar, amma ba za a jira ba. Saifa ce, kuma kumburin na daf da maƙogwaro.

A motarta ta kai su asibiti, ta tsaya da bakinta ta yi bayani har aka ba shi gado aka fara yi masa allurar fenisilin. A baranda ta faɗa wa Mijinyawa abin da ya riga ya sani. Wannan cuta ba a ɓoye ta, dole a sanar da hukumar lafiya, kuma za a tambayi inda ya samo ta. Ta ce tana iya cewa ba a sani ba tukuna, amma akwai wasu da ke saɓa fatun nan yanzu haka.

Wani a matsayinsa da shiru zai yi, ya ce ai nasa ya sami magani. Elhaji Hamidou ne ya ba su tabarma ranar da suka iso ba su san kowa ba, kuma filin nan shi ke ciyar da gidaje da yawa a nan da can gida. Mijinyawa ya ce wa Doktora ta ba shi zuwa azahar. Ya shiga tasi har hanyar Tamanhint, ya tarar da dattijon a ƙarƙashin rumfa, ya cire takalmi ya tsugunna ya faɗa masa komai: a cikin fatun akwai na dabbar da saifa ta kashe, ba laifin kowa ba ne a nan, amma ma'aikata za su zo, kuma shi ne zai faɗa musu wurin. Elhaji ya dube shi sama da ƙasa. Can ya ce, "Mijinyawa, ni za ka yi ma haka?" Ya ce, "Elhaji, da in bari ka ji a bakin wani, gara ka ji a nawa. A duba wuyan yaranka da hannuwansu yau." Dattijon ya juya masa baya.

Aka zo aka ƙone fatun da ke filin, aka rufe shi na wani lokaci. Cikin 'yan dakon aka sami biyu da ƙaramin baƙin ƙurji a hannu, aka yi musu magani tun bai yi nisa ba, kuma ba wanda aka sa a mota zuwa iyaka. Kada wani ya zaci an gode masa. Shayin Juma'a ya gagare shi, idan ya yi sallama sai a amsa a ciki, har aka sami masu cewa ya sayar da 'yan uwansa don farar riga, kuma cikin masu faɗar haka har da wanda aka ceci hannunsa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, bai ɓoye ba. Amma duk yamma yana gefen gadon Zabeirou da kwanon kunu, yana kallon kumburin na saɓewa kaɗan-kaɗan, har ranar da ƙanen ya iya juya wuya ya ce kunun ba sukari. Mijinyawa ya fita baranda ya yi kuka. Elhaji Hamidou bai taɓa cewa ya huce ba, sai dai da aka sake buɗe filin ya sayo wa 'yan dakonsa safar hannu da riguna masu wuya, kuma wata Juma'a ya aiko a tambayi dalilin da ya sa Lokotoro ya daina zuwa shayi.

Da sanyi ya shigo suka je ganin gida. Sun tarar da Malam Hassane ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ramin rini ɗaya kaɗai ya rage, shi ma don kada a ce an bari. Zabeirou ya durƙusa gaishe shi, tsohon ya shafa kansa, hannunsa ya sauka a wuya ya tsaya a kan tabon. Ya tambayi abin da ya faru, Zabeirou ya ba shi labari, da ƙari irin nasa. Tsohon bai gane rabin zancen ba. Abin da ya shiga kunnensa shi ne wai babban ɗansa rini yake yi a Libiya.

Ya juya inda yake jin numfashin Mijinyawa ya ce, "Ashe ba ka bar sana'a ba. To rinin naka, yana zuba?"

"Wani yana zuba, Baba. Aikin ke nan, sai an bari mai zuba ya zuba."

Tsohon ya ɓata fuska, don wannan ba maganar gidansu ba ce. "Na ƙanenka fa?"

"Nashi bai zuba ba. Na wanke shi iyakar wanki, kuma na sa ƙyalle a gehe."

Malam Hassane ya gyaɗa kai a hankali. Hannunsa ɗaya na kan wuyan Zabeirou, ya miƙa ɗayan yana lalube har ya sami na Mijinyawa, ya jawo shi kusa da idonsa yana duban faratan nan masu shuɗi da ja. Ya daɗe yana riƙe da shi, sannan ya ce, "Ka maido mini shi."